Yadda Ake Kafa Lambun Makaranta a Ƙauye, Ya Rayu Har Bayan Hutu

Na daɗe ina koyarwa a firamaren ƙauye tsakanin Kano da Jigawa, kuma kusan duk inda aka kai ni sai na tayar da lambu a bayan aji. Na farkon da na yi, sati uku ya yi a duniya. Mun share ƙaton fili, muka ja fangali wajen arba'in, alayyafo da salak suka fito kore shar. Muka tashi ranar Juma'a, muka dawo Litinin, ba abin da muka tarar sai sawun kofato da kashin awaki. Ko da awakin ba su shiga ba, ƙishirwa za ta kashe shi, don fanfo ɗaya ne a makarantar, kuma da shi rabin unguwa ke sha. Dala na ɗauko ba gammo. Ga yadda nake yi yanzu, ga malami ko malamar da ke son farawa.

Kayan da za ka tanada

- Ƙananan fartanya shida zuwa goma, irin waɗanda maƙerin gari ke yi daidai hannun yara, da garma ɗaya ta manya.
- Shebur da adda. Diga sai in ƙasar na da tauri.
- Baro. In babu, kwando ko tsohon buhu ya wadatar.
- Jarka huɗu masu lita 20 ko 25, da bokiti biyu.
- Butar ban-ruwa. In ba kuɗinta, a sami babban gwangwanin tumatir a huhhuda gindinsa da ƙaramar ƙusa.
- Igiya, turaku, da tef na awo, ko da na tela ne.
- Karan dawa, ƙaya, da sandunan kafi domin shinge.
- Ruɓaɓɓen takin gargajiya da toka.
- Iri.
- Littafi ɗaya mai bango mai kauri. Kada ka raina shi, za ka ga aikinsa a gaba.

Galibin kayan nan aro ake yi ko gudummawa. Abin da ba makawa sai an saya shi ne irin kayan sanyi, wato salak, karas, kabeji da tumatir, sai kuma kwaɗon ƙofa.

1. Ka zauna da mutanen gari kafin ka taɓa ƙasa

Bayan hedimasta ya amince, ku kira kwamitin kula da makaranta, SBMC, tare da mai unguwa ko dagaci, liman, da Sarkin Noma in garin na da shi. Abu uku za ku yanke a zaman, a kuma rubuta su a shafin farko na littafin nan: iyakar filin, hukuncin dabbar da aka kama a ciki, da yadda za a raba amfanin in ya nuna. Maganar rabo tun yanzu ake yin ta, lokacin da babu ko ganye ɗaya da za a yi faɗa a kai. Ka nemi a sa mace aƙalla ɗaya a cikin masu kula, domin mata ne suka san ganyen da tukunyar garin ke buƙata.

Ka kuma tambayi malamin gona na yankinku, na hukumar noma ta jiha, wato KNARDA in a Kano kake, JARDA in a Jigawa. Ko ba shi da abin ba ka, ya san irin da ke karɓar ƙasarku, ya san shagon da ba a sayar da mataccen iri.

2. Ka ƙirga ruwanka

Nan ne yawancin lambuna ke mutuwa, saboda haka ka nutsu. Girman lambu ruwa ke yanke shi. Faɗin filin makaranta ba ruwansa da lissafin.

Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana shan kamar lita 15 a yini lokacin hunturu. In bazara ta shigo, a Maris da Afrilu, ya haura lita 20. A sauƙaƙe, kowane fangali jarka guda kullum, har Asabar da Lahadi. To, je ka tsaya a bakin fanfon tuƙa-tuƙa na sati ɗaya, safe da yamma. Ka ga jarka nawa yaranka za su iya ɗiba ba tare da sun shiga layin 'yan ga-ruwa da 'yan matan da aka aiko daga gida ba. In ka ga goma, to fangali takwas za ka ja, ka bar biyu saboda ranar da fanfo zai yi gardama. Takwas ɗin nan da suka rayu sun fi arba'in ɗina.

Wuri ma ya bambanta. Makarantar da ke yankin Kura, Bunkure ko Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai, ko ta wajen Auyo da Haɗeja, tana iya buɗe hannu. Amma a arewacin Jigawa, irin su Gumel, Maigatari da Babura, ƙasa rairayi ce, rijiya kuma da zurfi. A can dabara ake yi:

Ka sayi tulu ko ƙaramar randa ta ƙasa wadda ke tsatsafo, ka binne ta har wuya, ka cika ta da ruwa, ka rufe bakin da kasko. Ka dasa tumatir ko yalo huɗu a kewayenta. Ruwan zai riƙa naso a hankali zuwa saiwa, sai bayan kwana biyu ko uku za ka ƙara. Ita ce ke fitar da mu ƙarshen mako.

Ruwan alwala ma kada ya tafi a banza. A ja masa 'yar hanya daga inda yara ke alwala zuwa gindin zogale ko gwanda. Amma ban da salak da duk abin da ake ci ɗanye, kuma ruwan wanki mai omo kada ya shiga lambu ko kaɗan.

Gargaɗi ɗaya da ba na sassautawa a kai: yaro ba ya jan guga a buɗaɗɗiyar rijiya. Babba ya ja, yara su ɗauka daga nesa.

3. Zaɓen wuri

Kusa da ruwa, inda rana ke bugawa aƙalla awa shida, kuma inda ake hangowa daga ofis ko daga rumfar maigadi. Ka nisanci gindin darbejiya, don inuwarta da saiwarta za su cinye maka komai. Ka nisanci gangaren da ruwan masai ke bi da damina, da filin ƙwallo. In ka ga ƙasa na yin fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, ka matsa gaba.

4. Shinge, tun kafin iri

Ka tuna lokacin da za ka fara lambun rani shi ne daidai lokacin da aka gama kaka aka saki dabbobi. Duk garin ya bushe, lambunka kaɗai ne kore. Kowace akuya a unguwar ta san da zamansa.

A kafa sanduna duk bayan taku biyu, a ɗaure danga ta kara mai kauri har ƙirjin babban mutum, sannan a jibge ƙaya ta waje, ta aduwa ko bagaruwa, musamman a ƙasa. Mutane kan ƙawata saman danga su manta gindinta, alhali ta nan ɗan akuya da kaji ke kutsawa. Ka durƙusa ka duba da idonka: duk kafar da hannunka zai shiga, kaza za ta shiga. Ƙaya manya ke sarowa su jera, ba aikin yara ba ne.

Gara na cin kara, saboda haka danga shekara guda take yi. In kana son hutu nan gaba, ka kafa rassan dashi a layin shingen gab da faɗuwar damina, za su kama su zama rayayyen shinge. Wasu za su ce ka sa binidazugu. A gona ba laifi, amma ni ba na sa shi a makaranta, don 'ya'yansa guba ne, kuma yara na iya tauna su kamar gyaɗa. Ta ciki kuwa, ka jera zogale ya zagaye lambun.

Ƙofa ɗaya tak, ta tsohon kwano, da kwaɗo. Makulli biyu, ɗaya wurinka, ɗaya wurin maigadi.

5. Taki da jan fangali

Ka haƙa rami a kusurwa, zurfinsa iya gwiwa. A riƙa zuba busasshen ganyen da ake sharewa kowace safiya, da kashin awaki ko na shanu, da 'yar toka, hawa-hawa. Ban da leda, kwalba da tsohon batir. A jiƙa shi, a juya duk bayan sati biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku ya nuna. Alamar nunarsa, ka cusa hannu ka ji ba zafi, ba wari, ya yi baƙi yana wargajewa.

Shekarar farko ba ka da wannan, sai ka roƙi takin gida wanda ya kwana biyu. Kowane yaro ya zo da cikin kwano ɗaya, kafin ka ankara an tara tsibi. Ka yi hattara da ɗanyen kashin kaji. Wani bawan Allah ya taɓa ba mu buhu biyu kyauta, na zuba a ranar don ɗoki, kwana uku dashen tumatir ya ƙone ƙurmus kamar an watsa masa ruwan zafi. A bar shi ya ruɓe tukuna.

A kaftu ƙasa zurfin ɗani guda ko fiye, a farfasa hoge, a cakuɗa taki bokiti biyu a kowane fangali. Faɗin kada ya wuce mita 1, domin yaro ya miƙa hannu tsakiya daga kowane gefe ba tare da ya taka ba. A bar hanyar rabin mita tsakani. Da rani fangali ƙasa-ƙasa ake yin sa, da ɗan gaɓa a kewaye don ya riƙe ruwa. Da damina akasin haka, kunya ake ja ko a ɗaga shi sama, in ba haka ba ruwan Agusta ya kwanta ya ruɓar da saiwa.

Takin zamani ba dole ba ne. In an ba ka kamfa, ɗan kaɗan za ka sa, nesa da gindin shuka, ka rufe da ƙasa ka ba da ruwa.

6. Abin da za a shuka, da lokacinsa

Ka daidaita shukarka da zangon karatu, don abin da zai nuna ana hutu na ɓarayi ne da tsuntsaye. Ni a Oktoba nake zuba reno, da zarar ruwa ya ɗauke, in yi dashe a Nuwamba, a ci daga Janairu zuwa Maris.

Ka fara da alayyafo, ko da fangali biyu ne. Kwana uku zuwa biyar ya tsiro, sati uku zuwa huɗu an fara yanka. Yaro ba shi da haƙurin jiran albasa, amma in ya kai damin alayyafo gida tun watan farko, ka samu ma'aikaci har ƙarshen shekara. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an gauraya da rairayi kafin a yayyafa, in ba haka ba ya fito a cunkushe.

Salak, kabeji da tumatir reno ake yi musu na sati uku zuwa huɗu. Albasa ta fi daɗewa, sati shida zuwa bakwai. Karas ba a dasa shi, a wurin da zai zauna ake shuka shi, kuma yakan yi kwana goma ko sati biyu bai fito ba, kada ka ce ya mutu ka tone. Kuɓewa ba ta son sanyin hunturu, ka bar ta sai ƙarshen Fabrairu ko damina.

Wajen reno, a ja layi marar zurfi da yatsa, a zuba iri, a rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama. Ranar da ka ga tsiro ya leƙo, ka ɗauke ciyawar, in ka bar ta zai yi tsawo ya yi fari ya faɗi. Ƙadangare babban maƙiyi ne a nan, yana bin layi yana tsinke tsiro ɗaya-ɗaya. Tsohon gidan sauro da ya yayyage, a ɗinke a ɗaura kan sanduna, shi ne maganinsa. Tsoho na ce, ba sabon da aka raba don yara su kwana a ciki ba.

Shawarata, shekarar farko kada tumatir ya wuce fangali ɗaya. Yana da laulayi.

7. Dashe, ban-ruwa da rabon aiki

Da yamma ake dashe, bayan la'asar. A jiƙa renon sosai tukuna, a ciro kowane tsiro da ƙasarsa, a dasa, a danna gindin, a ba shi ruwa nan take. Tumatir da kabeji kamu guda tsakani, salak ɗani guda, albasa faɗin yatsa huɗu zuwa biyar. In sun kama, a baza buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a kan fangalin, zai rage shan ruwa sosai. A gaya wa yara su ɗaga ciyawar da sanda, ba da hannu ba, saboda kunama.

Ban-ruwa da sassafe ko da yamma, a gindi, a hankali. Kuskuren yara shi ne su yayyafa sama-sama, ƙasa ta yi duhu su ce an gama. Koya musu su cusa yatsa: in gaɓa ta biyu ta fito a bushe, ba a ba da ruwa ba.

'Yan aji huɗu zuwa shida nake kasawa biyar-biyar ko shida-shida, maza da mata, kowace ƙungiya da fangalinta da allon sunanta. Ƙanana aikinsu tsince leda da ɗan ban-ruwa da gwangwani. Aikin yini kada ya wuce rabin awa, kada kuma ya ci lokacin Islamiyya ko makarantar allo, in ba haka ba iyaye za su juya maka baya, kuma da gaskiyarsu. In azumi ya faɗo cikin zafi, a rage fangali, manya su karɓi ɗaukar ruwan. Asabar da Lahadi, yaran da gidajensu ke kusa ake jerawa, maigadi ya buɗe musu. Shi kuma Baba maigadi ka ware masa fangali ɗaya nasa na kansa. Tun da na fara haka ban sake tarar da akuya a lambu ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka taɓa tura mai laifi ko wanda ya makara ya je lambu a matsayin horo. Mu haka aka yi mana, shi ya sa da yawa cikin 'yan ajinmu har yau in sun ga fartanya sai su tuna bulala.

8. Ƙwari

Kowace safiya a ɗaga ganye a duba bayansa. Tsutsa da fara, a tsince da hannu a ba kaji. Darɓa da farin ƙuda kuwa, maganinsu na nan a harabar makaranta: a tara busassun 'ya'yan darbejiya, a daka kamar rabin kilo, a jiƙa a bokitin lita 10 ya kwana, a tace da tsumma, a sa ɗan gutsuren sabulu, a yayyafa da yamma har bayan ganye, duk bayan kwana biyar zuwa bakwai. In ba 'ya'yan, ganyen ma na yi, sai dai bai kai ƙarfinsu ba.

Sharon, tsutsar nan da ta yi wa manoman tumatir na Kano da Jigawa ɓarna a 2016, cikin ganye take shiga ta yi ta zane, kuma ta fi tashi in zafi ya shigo. Duk ganyen da ka ga zanen, ka cire ka binne da zurfi ko ka ƙone. In ta fi ƙarfinka, tuge fangalin gaba ɗaya ka zuba alayyafo. Ba na barin maganin feshi na kanti a lambun yara. In dole ta sa, babba ya fesa ranar Juma'a bayan an tashi, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin robar kafin a ci, robar kuma a huda ta a binne, kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha.

9. Karatun da ke cikinsa

In ba a yi wannan ba, gona kawai ka yi da 'ya'yan mutane. Darasin kewaye da faɗin fili, a bakin fangali nake yin sa da tef a hannu, kuma yaron da ya kasa gane shi a allo yakan gane a nan. Fangali takwas, jarka guda kowanne, lita nawa ke nan a sati? Ga sau. A shuka wake a gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya cikin kabad, ɗaya ba ruwa, su faɗi abin da suka gani. Kowace Juma'a a auna tsawon zogale, ƙungiya ta rubuta a littafi da Hausa, da kwanan wata.

Ka kuma sani 'ya'yan manoma kake koyarwa. Wata rana ina ta bayanin tazarar albasa, wani ɗan aji biyar ya ce, "Malam, Babanmu ba ya nutsa ta haka, ba za ta yi kai ba." Ya karɓa ya dasa sama-sama. Layinsa ne ya fi kowanne girman kai. Tun daga nan, duk zango nakan gayyato dattijo ɗaya daga cikin iyaye ya yi mana darasi.

10. Girbi da rabo

Alayyafo yanka ake yi, a bar gindin faɗin tafin hannu, zai sake tofowa sau biyu ko uku. Zogale in ya kai ƙugun babba a katse kansa, don ya yi rassa a inda hannun yara ke kaiwa.

Kashi uku muke yi. Na farko na yara: ko su kai gida, ko a haɗa kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli a ci a makaranta, bayan an wanke ganye da hannuwa da ruwa mai tsabta. In shirin ciyar da ɗalibai na gudana a wurinku, a ba mai dafawa ta zuba a tukunya. Karas da zogale na da sinadarin da ke taimakon ido, alayyafo kuma na taimakon jini. Kashi na biyu a sayar a ƙofar makaranta ko ranar kasuwa, da ɗan rangwame ga mutanen gari, kuɗin na iri ne da gyaran danga. Na uku na gidajen da liman da mai unguwa suka san suna cikin rashi, a kai musu a asirce, kada a kira sunan yaro a gaban 'yan'uwansa.

Kuɗi ba ya kwana a aljihunka. Ma'ajin kwamiti ke riƙewa, yara biyu su rubuta abin da aka sayar, a karanta a taron iyaye. Na ga lambun da ya mutu ba don akuya ba, sai don an wayi gari an ga kwandon tumatir a bayan babur ɗin wani babba a makarantar. Washegari ba yaron da ya ɗauki jarka.

Rarar ganye a shanya a inuwa, ba a rana ba, don ya riƙe korensa. Tumatir a yi kauɗa, kuɓewa a yanka a busar.

Ga kuma hanyar da lambu ke shiga gidaje, har wurin matan da ba sa fita: a tara ledar fiya-wata, a huda gindinta, a cika da ƙasa da taki, a sa ƙwayar zogale biyu. Bayan sati biyar ko shida kowane yaro ya kai wa mahaifiyarsa ɗaya, ta dasa kusa da inda take wanke-wanke, a kife mata tsohon kwando saboda awaki.

11. Dogon hutu da ajiyar iri

Dogon hutu cikin damina yake faɗowa, ga ruwa kyauta amma ba kowa. Saboda haka kafin a tashi a Yuli, a rushe fangalin rani a ja kunya, a sa abin da ke kula da kansa: dankali, wake, gyaɗa, rama, yakuwa da kabewa a gefen shinge. Dankali da wake suna rufe ƙasa su danne ciyawa, wake da gyaɗa kuma suna gyara ta saboda kayan sanyin da za su biyo baya. Inda tumatir ya zauna bana, kada baɗi a mayar da shi ko tattasai ko yalo, danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. A damƙa makulli ga gida biyu da ke maƙwabtaka da makarantar, su yi noma sau biyu, ganyen rama da yakuwar da suka tsinka cikin hutu nasu ne.

Iri kuwa, tun ana girbi ake ware shi. Ka zaɓi gindin alayyafo uku da kuɓewa biyar mafiya kyau, ka ɗaura musu jan ƙyalle, ka shaida wa yara ba mai taɓa su har su bushe a tsaye. A sussuke, a ƙara shanyawa, a gauraya da toka mai sanyi, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da wata. Irin kanti da aka rubuta F1 a jikinsa ba a ajiye 'ya'yansa, ba za su fito kamar uwarsu ba, wannan sai an sake saye. Kwalaben a sa su a kabad ɗin ofis tare da littafin lambu, ka kuma nuna wa wani malami wurin da suke, saboda takardar canjin wurin aiki ba ta sallama kafin ta zo.